Yadda Ake Gane Bugun Zuciya da Tsayawar Zuciya, da Abin Yi Kafin a Kai ga Likita

A Kaduna idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya rasa jama'a. Ko a Kasuwar Barci ne, ko a tashar Kawo, ko a harabar masallaci bayan sallar Azahar, kafin ka ce kwabo an kewaye shi. Wani ya kawo ruwan leda ana yayyafa masa, wani ya cire hula yana fifita, wata tana salati, wani yana laluben wayarsa don a kira 'yan'uwansa. Duk da kyakkyawar niyya ake yi. Amma idan zuciyarsa ce ta tsaya, babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai amfane shi. Abin da yake bukata shi ne hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, kuma tun a minti na farko ko na biyu.

A cikin gida matsalar daban ce. Magidanci ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi bayan tuwon dare, ya ce olsa ce ta tashi, a aiki yaro kemis. Ya kwana yana juyi yana zufa. Kafin a kai shi asibiti da safe, wani sashe na tsokar zuciyarsa ya riga ya mutu.

Hukunce-hukunce biyu da muke saurin yankewa, "olsa ce" da "rai ya yi halinsa", su nake so mu daina yankewa da kanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kashi 85 cikin ɗari ta hanyar bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen nan a ƙasashe irin tamu suka faru, ba a Turai ba.

Abu biyu ne, kowanne da hanyarsa

Zuciya tsoka ce, ita ma sai da jini take aiki. Wasu jijiyoyi ne da suka kewaye ta suke ciyar da ita. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a jikin bangon jijiyoyin nan, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba ko shisha, da wanda ya gaji abin a dangi. Rana ɗaya wurin da kitsen ya taru ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Tsokar da jijiyar take ciyarwa ta rasa jini, cikin minti 20 zuwa 30 ta fara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Wannan shi ne bugun zuciya. Mai shi yana farke, yana numfashi, yana iya gaya maka inda ke masa ciwo.

Tsayawar zuciya kuwa matsalar wuta ce. Zuciya tana da tata wutar lantarki da ke tsara bugawarta. Idan wutar ta rikice, sai zuciya ta koma karkarwa maimakon bugawa, ko ta tsaya cik. Jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙu mutum ya suma, numfashi ya ɗauke. Daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Masu lambu a bakin kogin Kaduna za su gane bambancin daga injin ban ruwa. Idan tiyon da ke kai wa injin fetur ya toshe, injin yana ci gaba da aiki da ƙyar yana shaƙewa. Idan fulogi ya daina ba da wuta, nan take yake mutuwa. Na farko bugun zuciya, na biyu tsayawarta. Kuma na farkon yana iya jawo na biyun, musamman a sa'o'in farko, shi ya sa ba a barin mai ciwon ƙirji shi kaɗai a ɗaki. Jan wutar lantarki, nutsewa a ruwa, zubar jini mai yawa da wasu cututtukan tsokar zuciya da ake haihuwar mutum da su duk suna tsayar da zuciya, har ga matashi mai ƙarfi.

Idan yana farke yana kukan ƙirji

Mataki na farko shi ne ka saurari yadda yake bayyana ciwon. Masu bugun zuciya ba kasafai suke cewa "yana suka na" ba. Abin da aka fi ji shi ne "kamar an ɗora min buhu a ƙirji", ko "an ɗaure min ƙirji", ko zafi mai kama da ƙwannafi. Ka ce ya nuna maka wurin. Sau da yawa ba zai nuna da yatsa ɗaya ba, zai dafe tsakiyar ƙirji da tafin hannu ko ya dunƙule hannu a kai. Ciwon yana iya ratsawa zuwa hannun hagu, ko hannu biyu, ko wuya, muƙamuƙi, baya tsakanin kafaɗu, ko ƙahon zuci. Sannan ka duba abin da ya biyo shi: zufa mai sanyi ko da a lokacin hunturu ne, haki, tashin zuciya ko amai, jiri, da wani irin tsoro da mutum zai ce yana ji kamar zai mutu.

A nan ne ya kamata a dakata, domin ba kowa ke samun wannan cikakken hoton ba. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga suna iya yin bugun zuciya ba tare da wani ciwon ƙirji na a zo a gani ba. Hajiya ta ce tun safe take jin wata irin kasala, numfashinta ba ya isar ta, cikinta yana zafi ta sama, ta yi amai sau ɗaya. Baba mai ciwon suga ya ce shi dai jiri yake ji da zufa. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, shi ya sa abin yake zo musu a ɓoye. A ganina duk mai hawan jini ko suga, ko wanda ya haura shekara 40, idan "olsarsa" ta zo da zufa ko haki, ko ta zo da wani salo da bai saba ji ba, to zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ko ya sha maganin olsa ya ji ɗan sauƙi, wannan ba ya wanke zuciya daga zargi.

Ciwon da ya wuce 'yan mintuna, aka zauna aka huta bai lafa ba, ko yana tafiya yana dawowa, ba a jira da shi zuwa safe.

Mataki na biyu, ka zaunar da shi. Ya jingina da bango ko kujera, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, a sassauta masa wuyan riga da mazagi. Kada ya tashi ɗauko takalmi, kada ya ce bari ya watsa ruwa tukuna. Duk motsin da ya yi ƙarin aiki ne ga zuciyar da ba ta samun jini.

Mataki na uku, a nemi abin hawa nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, a kira ta. Amma a daidai lokacin wani ya fita ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep. Wanda ya riga zuwa da shi za a tafi. Mara lafiyar kada ya tuƙa kansa, ko da ya rantse zai iya, domin zuciya na iya tsayawa yana kan sitiyari.

Mataki na huɗu, asfirin. Babba ya tauna miligiram 300, ya tauna ne ba ya haɗiye ta ɗungurungum ba, don ta yi saurin shiga jini. Idan ƙananan nan ne na miligiram 75 da masu hawan jini ke sha, guda huɗu ke nan. Asfirin ba ta buɗe jijiyar, tana hana gudan jinin ƙara girma ne. Ba a ba wa wanda take sa wa borin jini ko take tayar masa da asma, ko wanda ke aman jini ko baƙin bayan gida, ko wanda likita ya hana. Haka kuma idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kada a ba da asfirin, a wuce asibiti kawai. Idan yana azumi ya karya, rai ake ƙoƙarin cetowa, zai rama daga baya.

Wanda dama likita ya rubuta masa ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe, wato GTN, ya sa tasa yana zaune. Ba a aron ta wani. Akwai kuma maganar da kunya ke hana faɗa: duk wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra cikin kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, kada ya sa GTN, domin haɗuwarsu tana faɗar da jini ƙasa warwas. Ya gaya wa likita a keɓe, har da haɗe-haɗen da ake saye a tasha ko a bayan mota, domin ana samun sinadarin a cikin wasunsu ba tare da an rubuta ba.

Mataki na biyar shi ne zaɓen inda za a je, kuma a nan ake ɓata lokaci mafi yawa. Ba kemis ba, ba gidan nas ɗin unguwa ba, ba ƙaramin asibitin shan magani ba. Ana bukatar asibiti mai sashen gaggawa da na'urar ECG, wadda ke auna wutar zuciya. A arewacin kogi akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, Asibitin Sojoji na 44, Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da babban asibitin Kawo. A kudanci akwai Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Mutanen Zariya da kewaye suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wanda ke Barnawa ko Sabon Tasha da yamma, lokacin da gada ta cushe, ya yi lissafin hanya ba sunan asibiti kaɗai ba. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda, kuma wani ya riƙe lokacin da ciwon ya fara: bayan sallar Isha'i ne, ko ana kiran Asuba. Likita zai tambaya, kuma amsar tana sauya irin maganin da za a ba shi.

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp cewa mai bugun zuciya ya yi ta tari da ƙarfi, wani kuma yana cewa a huda yatsu da allura, wani a haɗiyi tafarnuwa ko barkono. Babu wanda ke buɗe jijiyar da ta toshe a cikinsu. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Idan ya faɗi ba ya amsawa

Fara da duba wurin. Idan wayar wuta ce ta ja shi, a kashe wutar daga mita ko a janye wayar da busasshen katako kafin a taɓa shi. Idan a tsakiyar titi ne, wani ya tare motoci.

Ka durƙusa, ka bubbuga kafaɗunsa da ƙarfi, ka kira shi: "Malam! Malam! Kana ji na?" Idan shiru, ka kwantar da shi rigingine, ka dafa goshinsa da hannu ɗaya, ka ɗaga haɓarsa da yatsu biyu, ka kalli ƙirjinsa. Daƙiƙa 10 kawai kake da su. Yana tashi yana sauka yadda aka saba? Idan haka ne, suma ya yi, ka juya shi ya kwanta a gefe don kada amai ya shaƙe shi, ka ci gaba da lura da numfashinsa har a kai shi asibiti.

Ga abin da ke ruɗar mutane. A mintunan farko bayan zuciya ta tsaya, mutane da yawa suna yin wani kakari, suna jan iska da baki jefi-jefi, wani lokaci kamar minshari. Wasu su ce ai yana numfashi, a ba shi iska. Wasu su ce gargara ce, a fara laƙƙana masa kalmar shahada, a nemo zanen rufewa. Wannan kakarin ba numfashi ba ne, alama ce cewa yanzun nan zuciyar ta tsaya, kuma a lokacin ne danna ƙirji ya fi amfani. Mai laƙƙana masa kalma ya ci gaba, babu mai hana shi, amma hannu ya hau ƙirji. Haka nan wasu suna ɗan fizge-fizge na 'yan daƙiƙu kamar mai farfaɗiya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja. Da fizgar ta tsaya a duba numfashi.

Kada ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya a wuya ko a hannu. Ma'aikatan lafiya ma suna kuskure a kai idan hankali ya tashi. Ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai: wannan ya isa hujja.

Kada ka ce "a taimaka", domin kowa zai ɗauka wani zai yi. Nuna mutum da yatsa. "Kai mai jar hula, kira 112." "Ɗan'uwa, samo mana mota." "Yaya, tsaya nan kusa da ni, idan na gaji ka karɓe ni." Sauran su ja baya.

Yanzu danna ƙirji. Dole bayansa ya kasance a kan abu mai tauri. Idan a kan katifa yake, a sauko da shi ƙasa, domin katifa tana shanye ƙarfin. Ka durƙusa daf da ƙirjinsa. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, ba a kan ciki ba, ba kuma ta hagu inda mutane ke zaton zuciya take ba. Ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka sarƙe yatsu. Gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunka daidai saman hannuwanka, ta yadda nauyin jikinka ne zai yi aikin ba damtse ba. Ka danna ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, ka sake shi ya dawo daidai ba tare da ka ɗauke hannu ba, ka sake dannawa. Saurin shi ne sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kusan biyu a kowace daƙiƙa. Ka ƙirga da murya: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tausayi. Mutum yana dannawa a hankali kamar mai tausa, yana tsoron ya ji wa Baba ciwo. Irin wannan ba ya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. Haƙarƙari yana iya karyewa, za ka iya jin ƙarar a ƙarƙashin hannunka, ka ci gaba. Karaya tana ɗoruwa cikin makonni. Kuskure na biyu shi ne tsayawa a duba ko ya farfaɗo, ko a amsa tambayar wanda ya iso yanzu. Duk lokacin da hannu ya tsaya, jinin da ka taso da shi ya koma ya kwanta. Aikin yana da gajiyarwa fiye da yadda ake zato, don haka a riƙa canza hannu duk minti 2, na biyun ya durƙusa a ɗaya gefen ya shirya, a yi canjin cikin ƙiftawar ido.

Hura iska a baki fa? Wanda ya koya kuma ransa ya kwanta da hakan, bayan dannawa 30 ya ɗaga haɓa, ya toshe hanci, ya hura sau 2, kowanne daƙiƙa ɗaya, ya ga ƙirji ya tashi, ya koma dannawa. Wanda bai koya ba, ko yana ƙyanƙyami, ko baƙo ne bai san shi ba, ya danna kawai ba tsayawa. Ga babban da ya faɗi farat ɗaya, iskar da ke jininsa tana isar sa na 'yan mintuna, turawa take bukata. Inda hura iska ta zama dole shi ne yara da wanda aka tsamo daga ruwa, domin su rashin iska ne ya tsayar musu da zuciya. A fara musu da hurawa 5, sannan a shiga 30 da 2. Yaro ana danna masa da hannu ɗaya, jariri da babban yatsa na kowane hannu, sauran yatsun suna tallafe da bayansa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa.

Dole in tsaya a kan mata. Ko a Amurka bincike ya nuna cewa macen da ta faɗi a bainar jama'a ba ta samun mai danna mata ƙirji kamar yadda namiji ke samu, balle a nan inda namiji zai ji nauyin taɓa matar da ba muharramarsa ba. Idan akwai mace a wurin da ta iya, ta yi. Idan babu, kada a tsaya neman ta. Malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa lalura tana halatta abin da aka hana, kuma babu lalurar da ta wuce wannan. Ana iya dannawa ta saman riga, sauran mata su yi mata shamaki da mayafi. Idan mai tsohon ciki ce, wata ta durƙusa ta ture cikin zuwa ɓangaren hagunta da hannu biyu yayin da ake dannawa, don nauyin mahaifa ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Shi ya sa nake ganin matan gida su ne suka fi cancanta a fara koya wa wannan aiki, tunda mafi yawan tsayawar zuciya a gida take faruwa, sau da yawa maza ba sa nan.

Danna ƙirji yana riƙe ƙwaƙwalwa da rai, amma ba kasafai yake dawo da bugawar zuciya shi kaɗai ba. Abin da ke gyara wutar da ta rikice shi ne na'urar girgiza zuciya da lantarki. Akwai ƙarama da ake kira AED, wadda aka yi don wanda ba likita ba. Idan an samu, a kunna ta, za ta yi magana ta faɗi abin yi. A buɗe ƙirji, a goge zufa ko ruwa, a manna faci ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata, akwai zane a jikinsu. Idan ta ce a ja baya, kowa ya ɗauke hannu, a danna maɓalli, sannan a koma dannawa nan take. Ita ke auna zuciyar da kanta, ba ta sakin wuta ga wanda ba ya bukata. Duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba kuma ba a sa na'urar ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, yayin da fara dannawa da wuri yake ninka damar sau biyu ko uku.

Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen ya faɗi a filin wasa a Kofanhagen, ana wasan Denmak da Finlan. A nan kan ciyawa aka fara danna masa ƙirji, aka girgiza zuciyarsa da na'ura, ya dawo, kuma a 2022 ya koma buga wasa. Mu kuwa har yau muna tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. Hanyar danna ƙirjin kanta ba sabuwa ba ce, tun 1960 masu bincike a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka bayyana ta.

Idan babu na'ura kuma babu motar asibiti a hanya, sai a kai shi inda na'urar take. A nan Keke Napep ba ta da amfani, domin ba a danna ƙirjin wanda ke zaune. A nemi a-kori-kura ko bas da za a kwantar da shi a ƙasanta, mutum biyu su shiga suna karɓa-karɓa, wani ya kira asibitin ko ya riga su isa ya sanar. Ana daina dannawa ne idan ya fara motsi ko numfashi na sosai, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko duk masu yi sun gaji tilis. Wanda ya farfaɗo, ko ya tashi zaune yana cewa lafiyarsa lau, asibiti zai tafi.

Abin da za a yi masa a asibiti

Da isa, ka faɗa a fili tun daga ƙofa: "Ciwon ƙirji ne, tun ƙarfe kaza, ga zufa." Kada a zauna a layin yankar kati a yi shiru. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowace cibiyar lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Ƙa'ida ita ce a yi ECG cikin minti 10 da isowa. Wayoyi ne ake mannawa a ƙirji, hannu da ƙafa, ba zafi, ba allura. Ita ke nuna ko wata babbar jijiya ta toshe gaba ɗaya. ECG ta farko tana iya fitowa lafiya alhali bugun zuciyar yana nan, shi ya sa ake maimaitawa, kuma ake ɗibar jini a auna wani sinadari mai suna turofonin, wanda ke fita daga tsokar zuciya idan ta ji rauni. Yana ɗaukar sa'o'i kafin ya hau, don haka ake sake aunawa. Idan an ce ku jira gwaji na biyu, ku jira, kada ku ce tunda ciwo ya lafa bari mu koma gida. Ana kuma yin hoton zuciya, wato eko, don a ga sashen da ya raunana.

Idan jijiya ta toshe gaba ɗaya, hanya biyu ce. Ta farko, a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matse-matsi har zuwa zuciya, a buɗe wurin da ya toshe, a bar wata ƙaramar ragar ƙarfe, sitent, ta riƙe shi a buɗe. Ita ta fi, amma da sharaɗin a yi ta cikin minti 120 da gano ciwon. Ɗakunan da ake wannan aiki ba su da yawa a Najeriya, mafi yawansu suna Legas da Abuja. Ta biyu, allurar narkar da gudan jini, irin su streptokinase da tenecteplase. Ana yin ta cikin sa'a 12 da fara ciwo, amma amfaninta mafi girma yana sa'o'i biyu zuwa uku na farko. Ga mu mutanen Kaduna lissafin a fili yake: wanda ya ɗauko mara lafiya daga gida ya miƙi hanyar Abuja kai tsaye, ya cinye sa'o'in nan a kan titi, babu likita babu na'ura. Gara a fara da babban asibiti mafi kusa, a tambayi likita kai tsaye, "Likita, za a iya yi masa allurar narkar da jinin a nan, ko tura mu za ku yi?" Idan turawa ce, a tafi da takarda da hoton ECG a cikin motar asibiti. Allurar tana da haɗarin zubar jini, saboda haka a faɗi gaskiya idan ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko an yi masa tiyata kwanan nan, ko yana zubar jini.

Sauran kulawar ta haɗa da maganin ciwo, allurar hana daskarewar jini, da iskar oksijin idan ta jininsa ta yi ƙasa da kashi 90. Rashin sa masa oksijin ba sakaci ba ne idan ba ya bukata.

Bayan an dawo gida

Za a sallame shi da magunguna huɗu ko biyar: asfirin, da abokiyarta irin su clopidogrel, galibi na wata 12, da maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin, da masu sassauta wa zuciya aiki irin su bisoprolol da lisinopril. Haɗarin da na fi jin tsoro a nan shi ne jin sauƙi. Bayan wata biyu mutum ya ga ya warware, kuɗi kuma sun yi wuya, sai ya ajiye. Wanda aka sa wa sitent idan ya daina clopidogrel kafin lokaci, ragar tana iya toshewa farat ɗaya. Idan kuɗi ne matsalar, a gaya wa likita ya nemo mai sauƙin farashi, a kuma bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KADCHMA. Haɗin ciwon jiki na kemis, mai diclofenac ko ibuprofen, ba na mai ciwon zuciya ba ne. Wanda bai daɗe da tashi ba ya tambayi likitansa kafin ya ɗauki azumi.

Taba da shisha a bar su gaba ɗaya. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Tafiyar ƙafa a fara da kaɗan a tsakar gida, a ƙara a hankali har a kai minti 150 a mako. Idan damuwa ko tsoro sun hana shi barci, ita ma magana ce ta likita. 'Yan'uwansa na jini su je a auna musu hawan jini, suga da kitse, musamman idan abin ya same shi kafin shekara 55, ko kafin 65 idan mace ce. Awon hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka maimaita aka sake samu, yana bukatar magani ko da ba a jin komai.

Shirin da ya rage na kowa ne, kuma ana yin sa tun ana lafiya. A ajiye asfirin inda kowa a gidan ya sani. A rubuta lambar maƙwabta biyu masu mota a manna a bango. Kwamitocin masallatai da majami'u, shugabannin kasuwanni, makarantu da ƙungiyoyin direbobi su gayyaci Ƙungiyar Red Cross ko 'yan agaji da ma'aikatan jinya na unguwa su koyar da danna ƙirji a aikace, kuma wuraren da dubban mutane ke taruwa, irin su Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, filin wasa na Ahmadu Bello da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, sun cancanci AED a rataye inda ido ke gani, da mutanen da suka san amfani da ita. Kafin a samu wannan, a tara mutanen gida, a ninke tsohuwar katifa ko a ɗora matashi mai tauri a ƙasa, a kunna agogon waya, kowa ya gwada, har da 'yan mata da samari. Dannawa 30 ya kamata ta ɗauki daƙiƙa 15 zuwa 18. Ba a gwadawa a jikin mai lafiya.